Ɗakin gwajin da ya gano abin da ya hana ƙafar ƙanena warkewa

Mai ciwon da ya sha kafso ya sha allura bai ga sauƙi ba, shawarata gare shi ita ce ya roƙi likita ya rubuta masa gwajin da ma'aikatan asibiti ke kira kalca. Ana ɗibar mugunya ko fitsari, a shuka ƙwayar cutar da ke ciki a faranti har ta tsiro, sannan a jera mata magunguna a ga wanda ke kashe ta da wanda ta daina ji. A wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da ke Birnin Kebbi aka yi wa ƙanena, kuma na yaba da aikinsu ƙwarai, ko da yake akwai abubuwan da suka ɓata mini rai, su ma zan faɗe su. Ban sa sunan wurin ba. Ba talla suka ba ni ba, kuma wanda ke Yauri ko Zuru ko Gusau ba sunan ne zai amfane shi ba, sanin abin da zai duba a duk ɗakin gwajin da ya shiga shi ne zai yi masa rana.

Ni malamin gona ne a Argungu, ƙanena kuwa manomin shinkafa ne a fadama. Lokacin yankan shinkafar rani lauje ya sare shi sama da idon sawu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki cikin laka, don ba mai barin shinkafa a tsaye tsuntsu na ci. Da wurin ya fara zugi ya je kemis. Aka ba shi Ampiclox na kwana biyu, iya abin da kuɗinsa ya kai, aka fasa kafso ja da yalo aka barbaɗa masa garin a kan ciwon. Ya ɗan lafa, ya dawo. Aka canza masa zuwa Cipro. Daga baya aka ce ciwon ya fi ƙarfin ƙwaya sai allura, aka yi masa Rocephin. Duk wannan ƙafar sai ƙara kumburi take, tana fitar da mugunya, takalmi ya daina shiga, da dare ga zazzaɓi. Inna ta yanke hukuncin da kowa ke yankewa a garinmu: "Jikinai ya saba da magani, shi as sa bai ji." Likitan da muka gani a asibitin gwamnati ya duba sukarinsa ya ga lafiya lau, ya sa aka yi masa allurar tetanus, ya rubuta gwajin, ya ce a je a ɗebi mugunyar a ranar kafin ya ɗora shi a kan wani magani.

Wurin ba shi da girma. Shago biyu ne aka haɗe, benci biyu a gaba, sai tagar karɓar kuɗi, can ciki kuma ɗakin aiki da ba a barin kowa ya shiga. Abin da idona ya fara nema shi ne takardar rajistar MLSCN, hukumar da ke ba ɗakunan gwaji izini a Najeriya, na kuwa gan ta a bango. Ƙasan a goge yake, akwai bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, ga kwalin zuba tsinin allura daban da kwandon shara. Shugabar wurin mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan fara'a, amma tambayar da ta fara yi ita ta kwantar mini da hankali. Kafin zancen kuɗi ta ce, "Malam, wane magani yas sha, kuma yaushe yab bari?" Ƙanena ya zazzage mata ledar da ya zo da ita, ta ɗauki kowane kwali ta rubuta sunansa a bayan takardar likita. Ta ce maganin da ke cikin jini yana iya danne ƙwayar ta ƙi tsira a faranti, a ba mutum sakamakon cewa babu komai alhali ciwo na cin ƙafarsa, don haka dole ta san abin da ta tarar.

Wani saurayi ne ya ɗebi mugunyar, na kuma tsaya a kansa na ga yadda ya yi. Ya sa safar hannu sabuwa a gabanmu. Bai dangwalo wadda ke saman ciwon ba. Sai da ya wanke wurin tas da ruwan gishirin asibiti, ya danna gefen ciwon a hankali har sabuwar mugunya ta fito daga ciki, ƙanena yana cije leɓe yana cewa, "Yaya, riƙe ni," sannan ya ɗiba da tsinken auduga guda biyu, ya mai da kowane cikin kwalbarsa, ya rubuta suna da lokaci. Wankewar nan ba ƙaramin abu ba ne. Fatar kowa cike take da ƙwayoyin da ba su cutar da shi, wanda ya share saman fata kawai ya shuka, abin da zai tsiro masa ba lallai ne shi ke jawo ciwon ba. Daga nan ne kasuwar "staf" ta samo asali, wadda masu lasifika ke shelarta a tasha da bakin kasuwa, suna ɗora mata ciwon baya da rashin haihuwa da raunin mazakuta. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ƙwayar Staphylococcus aureus a hancinsa ko fatarsa yana zaune lafiya. Tana zama cuta ne idan ta sami ƙofa ta shiga, irin ƙofar da lauje ya buɗe mata. Na san magidantan da aka miƙa wa takarda mai ɗauke da sunan nan, suka kwashe wata da watanni suna shan ƙwaya su da matansu ba tare da ciwon komai ba. Ɗakin gwajin da ke ɗibar samfur da ganganci yana da hannu a wannan ɓarnar.

Na tambayi shugabar wurin zancen wuta, don na san halin da muke ciki. Ta nuna mini batura da allunan sola da suka sa musamman saboda abu biyu. Na farko akwatin ɗumi da ake kwantar da farantan, wanda ake so zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 35 zuwa 37, daidai zafin jikin mutum, dare da rana. Na biyu firji, inda ake ajiye 'yan takardun da ke ɗauke da magungunan gwajin. A bazarar Kebbi, da zafi ke haura digiri 40, takardar da aka bari a kan tebur maganin cikinta lalacewa yake yi, a ɗora ta a faranti ta kasa kashe komai, a rubuta wa mutum cewa ƙwayarsa ta bijire alhali takardar ce ta mutu. Duk wanda zai biya kuɗin kalca ya yi wannan tambayar, ba rashin kunya ba ne.

Kwana uku suka ce, kuma a rana ta uku sakamakon ya fito. Daren farko ƙwayar ke tsira, washegari a tantance ko wace iri ce a sake shuka ta a jera mata magunguna, ta ƙara kwana, sannan a karanta. Ba a iya gaggauta shi, kuma duk wanda ya ce zai ba ka sakamakon kalca cikin awa biyu, ba shukawa ya yi ba.

Da na je karɓa na roƙe ta ta nuna mini farantin. Ta ɗan yi jim, sannan ta kawo shi a rufe, an naɗe bakinsa da salatif, ta ɗaga shi ta bayan gilashin taga ta ce kada in taɓa. Farantin roba ne fari ƙal, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, an zuba masa abincin ƙwayar cuta ya daskare. Ƙwayar ta lulluɓe fuskarsa gaba ɗaya, launinta ruwan ɗorawa-ɗorawa, ba wurin da ta bari. A kai an jera 'yan fararen takardu masu zagaye, kowace da harufan sunan maganinta. Guda biyu daga ciki suna tsakiyar fili mai faɗi, fes, har kana hango yatsanta ta ƙasan farantin. Maganin ya jiƙa ya bazu, duk inda ya kai ƙwayar ta kasa tsira. Sauran kuwa ƙwayar ta zo har gindinsu. A ta fenisilin ko ɗigon fili babu, ta hau gefen takardar ta zauna. A ta ja da yalo ɗan siririn zobe ne, haka ta Cipro. Ta ɗora rula a kan wata mai suna sefoksitin ta nuna mini cewa faɗin filin bai kai milimita 22 ba, ta ce a irin wannan ƙwayar duk abin da ya gaza haka ya nuna ita ce wadda ake kira MRSA, wato nau'in staf ɗin nan da ya bijire wa dangin fenisilin. Sannan ta faɗi maganar da na ɗauka har gida na maimaita wa Inna: "Malam, ba jikinai na ya saba ba. Ga ta nan, ba jiki, ba jini, cikin roba take, kuma ba ta jin maganin. Ƙwayar ta ac canza."

Na daɗe ina kallon farantin nan, don duk magungunan da ƙanena ya sha, ko danginsu, suna kansa, kuma kowane da hanyar da ƙwayar ta bi ta kuɓuce masa. Wani ɓangaren ita ta yi mini bayani a tsaye, sauran na bi na karanta daga baya. Fenisilin da danginsa, su amfisilin da amoksisilin, suna kashe bakteriya ne ta hana ta gina bangon da ke riƙe da jikinta, sai ta fashe. Ƙwayar da ta bijire tana fitar da wani sinadari da ke tsinke maganin kafin ya iso gare ta. Saboda haka aka ƙirƙiro magungunan da sinadarin ba ya iya tsinkewa, irin su metisilin da kuloksasilin, wanda shi ne rabin Ampiclox. Sai aka sami ƙwayar da ta zo da wata dabara: ta canza abin da ke gina mata bangon zuwa wani iri da maganin ba ya iya kamawa. Wannan ita ce MRSA, kuma canjin nan ɗaya ya isa ya kashe amfanin Ampiclox da Augmentin da Rocephin a kanta baki ɗaya. Allurar da aka yi wa ƙanena da tsada, ana ganin an kawo ƙarshen magana, ba ta da abin da za ta kama tun farko. Tetrasaikilin, wato ja da yalo, yana shiga cikin ƙwayar, amma tana da ɗan famfo a jikinta da ke tunkuɗo shi waje kafin ya taru ya yi aiki. Cipro kuma yana kama wani sinadari da ƙwayar ke buƙata wajen kwafe gadon halittarta idan za ta rabu biyu, kuma ɗan canji kaɗan a sinadarin ya isa maganin ya rasa wurin kamawa.

A nan ne aikina ya taimake ni na gane abin. Duk manomin da ya daɗe yana feshin maganin ciyawa iri ɗaya a gona ɗaya ya san yadda take kayawa, balle idan yana tsinka maganin da ruwa don jarka ta isa. Shekarar farko gona ta yi fes sai 'yan tsiraru da suka tsallake. Su ne za su yi iri, don an share musu abokan gasa, ga fili ga taki. Bayan 'yan shekaru ka yi feshi ciyawar tana kallonka. Maganin bai koya wa ciyawa komai ba, ya kashe masu rauni ne ya bar wa masu ƙarfi gonar. Bambancin kawai, abin da ciyawa ke yi a shekaru bakteriya tana yin sa cikin kwanaki. Idan ta sami yanayi tana rabuwa biyu duk minti 20 zuwa 30, ƙwaya ɗaya tana iya haura miliyan ɗaya cikin awa goma. Cikin irin wannan yawan ba a rasa 'yan kaɗan da aka sami kuskure wajen kwafe gadonsu, kuskuren ya zame musu kariya. Maganin kwana biyu, ko rabin adadin da ya kamata, ko jabu marar ƙarfi, yana rage masu jin magani ya bar waɗannan su cika wurin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba sai ta gado kaɗai ƙwayar ke samun wannan kariya ba. Bakteriya suna miƙa wa junansu gutsuren gadon halitta, har tsakanin waɗanda ba iri ɗaya ba. Wasu suna mannuwa da juna su miƙa, wasu suna tsinta daga wadda ta mutu, wasu kuma wani ƙaramin bairas ne ke ɗauko gutsuren daga wannan ya kai wa waccan. Gutsure ɗaya yana iya ɗauke da kariyar magunguna uku ko huɗu a haɗe. Ma'ana, wanda ya sha Amoxil saboda mura, alhali mura bairas ne ke kawo ta kuma maganin ba ya taɓa shi, bai sha a banza kawai ba. Ya tace bakteriyar da ke zaune a hanjinsa da fatarsa, masu jurewa sun rage, kuma suna iya wucewa ga 'ya'yansa ta hannu ko ta ruwan sha. Mai yiwuwa ne ma ƙanena bai ƙirƙiro ƙwayarsa ba, ya same ta ne a shirye daga wani, magungunan da ya sha suka share mata wuri.

A ɓangarenmu na noma da kiwo ba mu da bakin zargin masu kemis su kaɗai. Na shiga gidajen kaji da yawa inda ake zuba oksitetrasaikilin a ruwan sha tun 'yan tsaki suna kwana ɗaya, ba ciwo ba komai, wai rigakafi. A kasuwar dabbobi makiyayi zai sayi kwalbar allurar LA, wato oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki, ya yi wa saniya da kansa bisa ƙiyasi, washegari a tatsi nononta a kai kasuwa, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama. Kashin kajin nan shi muke saye buhu-buhu mu zuba a gonar albasa da tumatir. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don su yi saurin girma tun 2006. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka gano a jikin aladu wani gutsuren gado da ke kare bakteriya daga kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai an rasa yadda za a yi, kuma ba a daɗe ba aka same shi a ƙasashe da dama. Tun da na ga farantin nan na ƙara wannan zance cikin abin da nake faɗa wa masu kiwon kaji idan na je zagaye.

Abin mamaki, irin ƙwayar da ke ƙafar ƙanena ce Alexander Fleming yake shukawa a Landan a 1928 lokacin da ya lura wata fumfuna ta faɗa farantinsa ta kashe ƙwayar da ke kewaye da ita, daga nan aka sami fenisilin. Fili ne irin wanda na gani ta bayan gilashi. Da aka ba shi kyautar Nobel a 1945, a jawabinsa ya yi gargaɗin cewa mutum zai iya shan maganin ƙasa da kima ya sa ƙwayar ta zama mai jurewa. Metisilin kuwa bai fi shekara biyu da fitowa ba aka ba da rahoton MRSA a Ingila a 1961. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, MRSA kaɗai ta haura 100,000 a ciki, kuma yankin da abin ya fi muni shi ne namu na Afirka ta Yamma, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Galibin waɗannan a wurinmu ba a rubuta musu wannan dalilin. Cewa ake yi ciwon ya ƙi jin magani, kwana ya ƙare, don ba a taɓa shuka ƙwayar an duba ba.

Na koma kan ɗakin gwajin. Abin da ya fi ɗaga darajarsu a idona ya faru ne bayan na karɓi takardar. A gaban kowane magani an sa harafi: S ga wanda ke kashe ƙwayar, R ga wanda ta bijire wa, I ga na tsakani. Na nuna mata guda biyun da ke da S na ce wanne zan saya. Ta girgiza kai. "Ba aikina na ba, Malam. Kai ma likita. Wani cikinsu allura na, in an yi shi ba bisa ƙa'ida ba yana taɓa ƙoda da kunne. Kuma ƙafag ga sai an buɗe an fid da mugunya, magani kaɗai bai isa." Ga kemis a maƙwabtaka, da ta so da ta tura ni can. Ni ma ba zan rubuta sunayen magungunan biyu a nan ba, don na san akwai mai gyambon da zai karanta ya tafi ya saya, kuma ƙwayarsa ba ta ƙanena ba ce. Likita ya duba takardar, ya sa aka tsaga wurin aka wanke, ya zaɓi maganin sha, ya faɗi adadi da kwanaki, ya ce a sha yadda ya rubuta ko da an ga sauƙi. Ya kuma ce a ware masa tawul da soso, mai wanke masa ciwon ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan. Zazzaɓin ne ya fara tafiya, kumburin ya bi baya. Naman ya ɗauki lokaci kafin ya cike, ya bar tabo babba, amma da ƙafarsa ya yi shukar damina.

Kuɗin gwajin bai kai naira dubu goma ba. Ga manomi a ƙarshen rani ba ƙaramin kuɗi ba ne, balle a haɗa da na mota zuwa da dawowa sau biyu. Amma da muka zauna da ƙanena muka lissafa abin da ya zuba a kemis, allurar Rocephin kaɗai ta fi kuɗin gwajin, ban da kwanakin aikin da ya rasa da 'yan ƙwadagon da ya ɗauka suka ƙarasa masa yankan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta raba waɗannan magunguna gida uku: na fara amfani, na taka-tsantsan, da na ajiya. Cipro da Rocephin duka suna gida na biyu, waɗanda ake so a riƙa tattalinsu saboda saurin da ƙwayoyi ke bijire musu. A wurinmu su ne ake miƙo wa mutum ta kan kanta ba takardar likita.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba. Takardar sakamakon da Turanci take daga sama har ƙasa, ba ko layi ɗaya na Hausa ko ajami. Ni na yi tambaya aka yi mini bayani, amma a gabana wata tsohuwa ta karɓi tata daga yaron taga, ta juya ta gaba da baya, ta cusa a jaka ta fita, ba wanda ya ce mata koma wurin likita. Irin wannan takardar ce ke ƙarewa a hannun mai kemis, ya duba inda aka sa S ya haɗa mata biyu ko uku. Layi ɗaya da Hausa a ƙasan takardar, cewa wannan ba takardar sayen magani ba ce, ba zai ci musu komai ba. Na biyu, ba su aika sakamako ta waya. Daga Argungu kimanin kilomita 50 ne, mu namu da sauƙi, amma na ga wanda ya zo daga wajen Kamba don karɓar takarda ɗaya, alhali hoton WhatsApp ya isa likitansa ya fara aiki. Matakalar ƙofarsu ma tana da tsayi, ba abin dafawa, sai da ni da mai kabu-kabu muka tallafi ƙanena ya hau. Benci biyu kuma ba su isa ba da safe, mata suna tsaye da goyo, ba a ware musu gefe ba.

Akwai kuma zancen Widal, gwajin jinin da ake yi don neman taifot, wanda shi ya fi yi mini ciwo saboda na ga sun san abin da ya kamata. Yawancin waɗanda na tarar a layi shi suka zo yi, da kansu ba takardar likita, "maleriya da taifot" kawai suke cewa a taga, a ɗebi jini a ba su sakamako cikin awa ɗaya. Gwajin nan ba ya nuna ƙwayar, martanin jini yake aunawa, kuma a inda taifot ya yawaita mutane da dama za su nuna alamar ko da lafiyarsu lau, zazzaɓin cizon sauro ma yana iya ɗaga shi. Kowace irin wannan takarda tana ƙarewa ne da kwalin Cipro ko allurar Rocephin. Na yi wa shugabar wurin maganar, ba ta musa ba. Ta ce shuka jini shi ne gwajin da ke tabbatar da taifot, su kuma ba su da kayan yin sa, idan likita ya nema sai su tura mutum babban asibiti, wani lokaci har asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ta ce in sun ƙi yin Widal shagon gaba za a tafi. Na fahimci uzurinta, amma ban karɓe shi duka ba. Wurin da ya iya ƙin faɗa mini maganin da zan saya zai iya faɗa wa mai karɓar Widal, ko da baki ne, cewa wannan takardar ita kaɗai ba ta isa a sha magani a kanta ba.

Wanda zai je don kalcar ciwo ko ta fitsari, ya tafi da takardar likita da duk kwalayen magungunan da ya sha, ko da babu komai a ciki. Ya je da safe, kuma farkon mako ya fi, don kwana ukun su cika kafin Lahadi da suke rufewa. Idan fitsari ne ya karɓi kwalbarsu mai murfi kada ya zo da shi a robar ruwa daga gida, ya bar na farko ya zuba ya tari na tsakiya, ya miƙa musu nan take.